Masu ra'ayin sauyi da zaɓukan Amurka: tambayoyi da amsoshi kan majalisa, kuɗi da 'yan jarida

Duk sanda zaɓen Amurka ya ƙarato, sunaye biyu da jam'iyyu biyu ne ke iso mana ta rediyo da waya. Amma a cikin jam'iyyar Dimokurat akwai wani ɓangare da ke cewa kafin ranar zaɓe an riga an gama rabin aikin: a wurin tara kuɗi, a wurin shata mazaɓu, da kuma a ɗakunan labarai inda ake yanke wanda ya cancanci a saurare shi.

Su wane ne masu ra'ayin sauyi? Jam'iyya ce daban?

A'a, ba su da jam'iyyar kansu. Yawancinsu 'yan Dimokurat ne, sai dai zaman doya da manja suke yi da shugabannin jam'iyyar. Babban jigonsu, Bernie Sanders, sanata daga jihar Vermont, ɗan takara mai zaman kansa ne da ke zama tare da 'yan Dimokurat a majalisa, kuma sau biyu ya nemi tikitin shugaban ƙasa a jam'iyyar, a 2016 da 2020, bai samu ba. A 1991 shi da wasu 'yan majalisar wakilai ƙalilan suka kafa ƙungiyar masu wannan ra'ayi a majalisa, wadda yanzu mambobinta suka doshi ɗari.

Buƙatunsu ba ɓoyayyu ba ne: inshorar lafiya ta gwamnati ga kowa, ƙarin mafi ƙarancin albashi, ƙarin haraji a kan attajirai, ƙarfafa ƙungiyoyin ƙwadago, rage dogaro da fetur da kwal, da kuma daina bai wa Isra'ila makamai ba tare da sharaɗi ba.

Me ya sa suka fi sa ido a kan majalisa, alhali shugaban ƙasa ne mai iko?

Saboda kasafin kuɗi da doka a hannun majalisa suke. Majalisar wakilai tana da kujeru 435, kuma duk shekara biyu ake sake zaɓensu baki ɗaya. Majalisar dattawa kuwa kujeru 100 ne, kowace jiha biyu, wa'adin shekara shida. A nan gizo ke saƙa. Jihar Wyoming mutanenta ba su kai dubu 600 ba, Kalifoniya tana da kusan miliyan 39, amma sanatocinsu biyu-biyu ne. Bayan haka akwai ƙa'idar majalisar da ta sa yawancin ƙudurori ba sa kaiwa ga ƙuri'ar ƙarshe sai sanatoci 60 sun yarda a rufe muhawara. Wato jam'iyya na iya cin zaɓe, ta riƙe fadar White House da majalisu biyu, amma ta kasa yin doka.

Akwai ranar da masu ra'ayin sauyi ba sa mantawa. A watan Maris na 2021, Joe Biden na kan mulki, Sanders ya nemi a ɗaga mafi ƙarancin albashi na tarayya zuwa dala 15 a awa, daga dala 7.25 da yake tsaye a kai tun 2009. Ƙuri'a 42 ya samu, 58 suka ƙi, takwas daga cikinsu daga ɓangaren Dimokurat. Sanata Kyrsten Sinema ta Arizona ta tako gaban zauren da jaka a kafaɗa, ta ɗan rusuna, ta juya babban yatsanta ƙasa, ta yi gaba abinta. Hoton ya zagaye intanet. A Disambar wannan shekarar kuma Joe Manchin na West Virginia, shi ma ɗan Dimokurat, ya je tashar Fox News ya sanar da cewa ba zai goyi bayan babban shirin Biden na tallafa wa iyalai ba, shirin ya mutu. Abin da ya tsira daga cikinsa shi ne aka zartar a Agustan 2022, da ƙuri'a 51 da 50, sai da mataimakiyar shugaban ƙasa ta lokacin, Kamala Harris, ta raba gardama. Darasin da suka ɗauka shi ne, bai isa a ce ɗan Dimokurat ya ci kujera ba, sai an tambaya wane irin ɗan Dimokurat ne.

To shi ya sa suke tsayawa takara da 'yan jam'iyyarsu?

Ƙwarai. Yawancin mazaɓun majalisar wakilai an san jam'iyyar da za ta ci tun kafin a buga takardar ƙuri'a; waɗanda ake fafatawa da gaske 'yan gomomi ne kawai. Saboda haka a mazaɓar da Dimokurat ke da rinjaye, zaɓen fitar da gwani shi ne zaɓen, kuma mutane kaɗan ne ke fitowa.

Abin da Alexandria Ocasio-Cortez ta gane ke nan a 2018. Tana da shekara 28, ba ta daɗe da barin aikin hidima a gidan abinci ba, ta tsaya da Joe Crowley, wanda ke majalisa tun 1999 kuma na huɗu a jerin manyan 'yan Dimokurat a majalisar wakilai. Crowley ya raina ta har ya tura wakiliya wata muhawara maimakon ya je da kansa. Mazaɓar, wadda ta haɗa sassan Bronx da Queens a birnin New York, tana da mutum sama da dubu 700, amma ƙuri'un da aka kaɗa ba su kai dubu 30 ba. Ta kayar da shi. Da aka fara cewa ai sauyin ƙabilun unguwar ne ya ba ta nasara, sai ta sa hoton takalmanta na yawon gida-gida a Twitter, tafinsu duk ya huje. A wannan shekarar ce Ilhan Omar, haifaffiyar Somaliya, daga Minnesota, da Rashida Tlaib mai asalin Falasɗinu daga Michigan, suka zama mata Musulmi na farko a majalisar Amurka.

Ana yawan cewa kuɗi ne matsalar. Yaya abin yake aiki?

A Janairun 2010 kotun ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Citizens United cewa gwamnati ba ta da ikon taƙaita abin da kamfanoni da ƙungiyoyi za su kashe wajen tallan siyasa, muddin ba hannu da hannu suka miƙa wa ɗan takara ba. Daga nan aka samu kwamitocin tara kuɗi da ba su da iyaka. Doka ta ce kada su haɗa baki da ɗan takara, amma sau da yawa tsoffin hadimansa ne ke tafiyar da su. A 2024 Elon Musk shi kaɗai ya kashe sama da dala miliyan 250 wajen mara wa Donald Trump da jam'iyyarsa baya. Kamfanonin kuɗin kirifto sun zuba kusan dala miliyan 40 a jihar Ohio don a kayar da Sanata Sherrod Brown, wanda ke shugabantar kwamitin harkokin bankuna, kuma ya faɗi.

Sai dai abin da ya fi cin ran masu ra'ayin sauyi ba manyan alƙaluman nan ba ne, yadda neman kuɗi ke cinye ranar ɗan majalisa ne. A 2013 wata takarda da jam'iyyar Dimokurat ta nuna wa sababbin 'yan majalisarta ta fito fili, tana ba su shawarar su ware awa huɗu a rana don kiran masu ba da gudummawa. Doka ta hana yin irin wannan kira daga ofishin gwamnati, don haka sukan fita su taka zuwa hedikwatar jam'iyya da ke kusa, a zaunar da mutum a ɗan ƙaramin ɗaki da waya, hadimi na gefensa yana miƙo masa takarda: ga sunan mai kuɗin, ga abin da ya bayar bara, ga abin da ya dame shi. Wanda ya wuni yana sauraron ƙorafin masu hannu da shuni, ko ba a saye shi ba, kunnensa ya riga ya saba da muryarsu.

Martanin su Sanders shi ne tara ƙananan gudummawa ta intanet. A 2016 a kowane gangami yana maimaita cewa matsakaicin abin da ake ba shi dala 27 ne. Dabarar tana aiki ga wanda ya yi suna a faɗin ƙasa. Ga sabon ɗan takarar da ba wanda ya san shi, da wuya ta kai shi.

Gaskiya ne ƙungiyar AIPAC ce ta kayar da wasu daga cikinsu?

Ta taka rawa babba. A zaɓen fitar da gwani na 2024, kwamitin kuɗi na wannan ƙungiya mai kamun ƙafa domin Isra'ila ya kashe sama da dala miliyan 14 a kan Jamaal Bowman na New York, da sama da miliyan 8 a kan Cori Bush ta Missouri. Dukansu sun yi kira da a tsagaita wuta a Gaza, dukansu kuma sun faɗi. Abin lura, yawancin tallace-tallacen ba su ambaci Isra'ila ba. Cewa suka yi 'yan majalisar ba sa biyayya ga Biden, sun ƙi jefa ƙuri'a ga dokar gina hanyoyi da gadoji.

Amma a faɗi gaskiya, Bowman ya taimaki abokan hamayyarsa. A Satumbar 2023 ya danna ƙararrawar gobara a wani ginin majalisa, har aka tsawata masa a hukumance, ga kuma mazaɓar da mafi yawanta unguwannin bayan gari ne na masu abin hannu. Omar da Tlaib da Summer Lee ta Pennsylvania, waɗanda suka riƙe mutanen mazaɓunsu gam, sun tsallake. Kuɗi ya fi cizo a inda ya tarar da rauni.

Mene ne ƙorafinsu game da shata mazaɓu?

A yawancin jihohi 'yan majalisar jiha ne ke zana iyakokin mazaɓun tarayya bayan ƙidayar da ake yi duk shekara goma. Jam'iyyar da ke da rinjaye sai ta tattara magoya bayan abokiyar hamayya a mazaɓa ɗaya ko biyu, ragowar kuma ta warwatsa su ta yadda ba za su yi tasiri a ko'ina ba. A 2013 kotun ƙoli ta rushe ɓangaren dokar kare 'yancin zaɓe ta 1965 da ya tilasta wa wasu jihohin kudu, masu tarihin hana baƙar fata ƙuri'a, neman izinin gwamnatin tarayya kafin su taɓa dokokin zaɓe. A 2019 kuma ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin shiga rigimar shata mazaɓu don son jam'iyya.

A 2025 'yan Rifablikan na Texas ba su ma jira ƙidaya ba, suka sake zana taswira don ƙarin kujeru biyar. Kalifoniya ta rama da tata ta hanyar ƙuri'ar raba gardama a Nuwamba. Masu ra'ayin sauyi, da suka shekara suna neman a miƙa aikin ga hukuma mai zaman kanta, yawancinsu sun goyi bayan ramuwar. Ko wannan dabara ce ko cin amanar aƙida, har yanzu suna musu a tsakaninsu.

Ina laifin 'yan jarida a ciki?

Babban zarginsu shi ne manyan kafofi suna ba da labarin zaɓe kamar mai sharhin dambe: wa ya kai naushi, wa ya yi tangaɗi, wa 'yan kallo ke yi wa kirari. Ƙuri'ar jin ra'ayi a kullum, amma da wuya a zauna a bayyana wa mai kallo abin da shirin ɗan takara zai yi wa kuɗin hayarsa ko kuɗin maganinsa. Kuma wannan salon yana da riba. A Fabrairun 2016 shugaban kamfanin talabijin na CBS na lokacin, Les Moonves, ya faɗa a bainar jama'a cewa takarar Trump wataƙila ba alheri ba ce ga Amurka, amma ga CBS kam alheri ce ƙwarai. A watan Maris na shekarar jaridar New York Times ta ruwaito ƙiyasin cewa lokacin da kafofi suka ba Trump kyauta ya kai darajar kusan dala biliyan biyu. Akwai daren da tashoshin labarai suka riƙa nuna dandamalin Trump ba kowa a kai, ana jiran fitowarsa, alhali Sanders na can yana jawabi ga dubban mutane.

Zargi na biyu ya fi wannan dabara. 'Yan jarida ne ke raba wa 'yan takara lakabi, wannan mai matsakaicin ra'ayi ne, wancan mai tsattsauran ra'ayi, wannan zai iya cin zaɓe, wancan ba zai iya ba. Mai zaɓe kuma da ke tsoron kada jam'iyyarsa ta faɗi sai ya bi wanda aka ce zai kai labari. Duk wanda ya kawo maganar lafiya kyauta, tambayar farko a muhawara ita ce ina zai samo kuɗin. Kasafin soja da ya haura dala biliyan 800 a shekara kuwa ba kasafai ake yi masa wannan tambayar ba. Da Sanders ya ci Nevada a 2020, Chris Matthews na MSNBC, tashar da ake ɗauka ta 'yan Dimokurat ce, ya kwatanta nasarar da mamayar da Jamus ta yi wa Faransa a 1940. Ya nemi afuwa daga baya, amma an ji.

Na uku shi ne mallaka. A Oktoban 2024 Jeff Bezos, mai kamfanin Amazon da ya sayi Washington Post a 2013, ya hana jaridar fitar da sharhin goyon bayan Harris, masu biyan kuɗi sama da dubu 200 suka janye cikin 'yan kwanaki. Mai jaridar Los Angeles Times ma haka ya yi. A can ƙasa kuma, fiye da kashi ɗaya cikin uku na jaridun Amurka sun rufe tun 2005, yawancinsu na ƙananan garuruwa. Wannan ya fi shafar zaɓen majalisa, domin idan ba ɗan jarida ko ɗaya da ke bin diddigin ɗan majalisar yankinku, abin da za ka sani game da shi sai abin da talla ta gaya maka.

Amma ai 'yan Rifablikan cewa suke yi kafofin nan na 'yan Dimokurat ne.

Su ma suna da abin kamawa: yawancin ma'aikatan manyan jaridu 'yan birni ne masu digiri, kuma a kan al'amuran zamantakewa ra'ayinsu ya fi karkata ga Dimokurat. Amsar masu ra'ayin sauyi ita ce a kan haraji, ƙwadago da yaƙi, muryar mai jarida da mai ba da talla ta fi ta ma'aikaci ƙarfi. Sukan ƙara da cewa ɓangaren dama ya gina nasa kafofin tun bayan 1987, lokacin da aka soke ƙa'idar da ta wajabta wa gidajen rediyo da talabijin jin ta bakin kowane ɓangare, daga shirin rediyo na Rush Limbaugh zuwa Fox News da aka buɗe a 1996. Ita Fox a 2023 ta biya kamfanin na'urorin zaɓe na Dominion dala miliyan 787.5 kan ƙaryar maguɗin 2020. Nasu kafofin, irin su Democracy Now da mujallun The Nation da Jacobin, ba su kama ƙafar wannan ba wajen yawan jama'a.

Yaya suke fassara faɗuwar Harris a 2024?

Trump ya samu wakilan zaɓe 312, wato wakilan jihohi da ke tantance wanda zai zama shugaban ƙasa, Harris 226, kuma a wannan karon har yawan ƙuri'un ƙasa ya ci. Kashegarin zaɓe Sanders ya fitar da sanarwa cewa jam'iyyar da ta juya wa ma'aikata baya kada ta yi mamaki idan ma'aikata sun juya mata baya. Hujjarsu mafi ƙarfi tana cikin takardar ƙuri'ar kanta. A Missouri mutanen da suka zaɓi Trump da gagarumin rinjaye su ne kuma suka amince da albashin dala 15. Florida ta yi haka a 2020. A Nebraska, Dan Osborn, makanike da ya jagoranci yajin aikin ma'aikatan Kellogg's a 2021, ya tsaya takarar sanata ba jam'iyya, ya faɗi da tazarar kusan maki bakwai a jihar da Trump ya ci da kusan ashirin.

Masu matsakaicin ra'ayi kuwa cewa suke yi matsayin da 'yan sauyi suka tura Harris ta ɗauka a 2019, kan shige da fice da batun jinsi, shi Trump ya mayar makami. Ga tsadar rayuwa, wadda ta kayar da gwamnatoci da dama a wannan shekarar, har da ta Birtaniya. A ganina 'yan sauyi sun fi gaskiya a kan batun aljihu, amma suna saurin tsallake tambaya mai zafi: idan manufofinsu na da farin jini haka, me ya sa 'yan takararsu ba sa cika ƙwace kujera daga hannun Rifablikan? Kuma a 2020 ba attajirai kaɗai suka tare Sanders ba. Dattawan baƙar fata na South Carolina ne suka tsayar da Biden da ƙafafunsa.

Musulmin Amurka suna tare da su ne?

A kan Gaza da ƙyamar baƙi, galibi e. A Fabrairun 2024 sama da mutum dubu 100 a Michigan suka kaɗa ƙuri'ar "ba mu tsayar da kowa ba" a zaɓen fitar da gwani don nuna wa Biden fushinsu. A babban taron jam'iyya a Chicago an nemi a bar Bafalasɗine ɗan Amurka ko ɗaya ya yi jawabi, aka hana. A Nuwamba Trump ya zo na ɗaya a Dearborn, garin Michigan da Larabawa suka fi yawa, amma garin ya sake zaɓen Tlaib.

A kan zubar da ciki da auren jinsi kuwa akwai saɓani na gaske, kuma ba a ɓoye yake ba. A 2023 majalisar garin Hamtramck na Michigan, wadda dukkan mambobinta Musulmi ne, ta hana kafa tutar masu auren jinsi a gine-ginen gwamnati, tsoffin abokan tafiyarsu suka ce an yaudare su, magajin garin kuma daga baya ya bi Trump. Zohran Mamdani, haifaffen Kampala, wanda ya ci zaɓen magajin garin New York a Nuwambar 2025, ya zama Musulmi na farko a kujerar, ya haɗa ɓangarorin biyu ne ta hanyar nacewa a kan kuɗin haya, motar bas kyauta da renon yara.

Me ya hana su ɓallewa su kafa jam'iyyarsu?

Tsarin wanda ya fi ƙuri'a ya kwashe duka. A 2000 Ralph Nader na jam'iyyar Green ya samu sama da ƙuri'a dubu 97 a Florida, George Bush ya ci jihar da ƙuri'a 537, da ita kuma ya ci shugabanci. Har yau ana yi musu gori da wannan.

Wannan duka ya shafe mu a nan?

Ta wasu fuskoki, kai tsaye. A 2025 gwamnatin Trump ta rushe hukumar USAID, wadda ke ɗaukar nauyin magunguna da abincin yara masu tamowa a asibitoci da dama na arewacin Najeriya da Nijar. A Yulin shekarar majalisa ta amince a janye kusan dala biliyan tara na agajin ƙasashen waje da na kafofin yaɗa labarai na jama'a, da ƙuri'a 51 da 48 a majalisar dattawa; sai da wasu sanatocin Rifablikan suka turje kafin aka cire shirin yaƙi da cutar ƙanjamau na PEPFAR daga jerin. A watan Maris na wannan shekarar kuma masu sauraron Sashen Hausa na Muryar Amurka suka kunna rediyo suka ji shiru. Kujeru biyu ko uku a majalisar dattawa na iya sauya irin waɗannan hukunce-hukuncen.

Idan ina son bin zaɓen majalisa da kaina, me zan duba?

Fara da zaɓukan fitar da gwani, waɗanda ke gudana daga Maris zuwa Satumba, jiha bayan jiha. Ka tuna cewa jam'iyyar shugaban ƙasa ta saba asarar kujeru a zaɓen rabin wa'adi: Dimokurat ta rasa 63 a 2010, Rifablikan ta rasa kusan 40 a 2018. Amma kada ka ɗauki hasashen masu sharhi a matsayin sakamako. A 2022 an yi ta shelar Rifablikan za ta yi ambaliya, ta ƙare da 222 da 213, majalisar dattawa kuma ta kuɓuce mata. Ƙuri'ar jin ra'ayi guda ɗaya ba hujja ba ce, musamman idan ofishin ɗan takara ne ya biya kuɗinta. Hukumar zaɓe ta tarayya, FEC, tana wallafa rahoton kuɗin kowane ɗan takara a shafinta kyauta, har da sunan duk wanda gudummawarsa ta haura dala 200 da abin da kwamitocin waje suka kashe don goyon bayansa ko don kayar da shi.